Zare: Shekara huɗu ina zagin Michael Masi, ashe ni ma Masi ne

1/ Jama'ar F1 na Arewa, mu 'yan tsirarun nan da ake yi wa dariya a majalisa wai muna ɓata data wajen kallon motoci suna zagaye wuri ɗaya, ku matso kusa. Yau da ku nake, da kaina kuma nake. Zaren yana da tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri. 🧵

2/ Tun ranar 7 ga Disamba 2025 da Lando Norris ya ɗauki kambun duniya da maki 423, Max Verstappen na biye da 421, rukuninmu na WhatsApp bai huta ba. Wannan ya ce magudi, wancan ya ce mota ce ta ci ba direba ba. Har an fitar da mutum biyu saboda zagin iyaye.

3/ Abin da na lura da shi: kusan babu wanda ya damu da doka a cikinmu. Gwaninmu kawai muka sani. Dokar da ta taimake shi, "ai ƙa'ida ce." Wadda ta taka shi, "wallahi zalunci ne." Mutum ɗaya, baki biyu, wani lokacin ma a Lahadi ɗaya.

4/ In faɗi inda na tsaya tun wuri kada a ce na ɓuya. Ni ɗan Hamilton ne. Hotonsa ne a fuskar wayata tun yana Mercedes, da ya koma Ferrari na bi shi da jan kaya. Don haka 'yan Max kada ku yi saurin murna, 'yan gidanmu kuma ku shirya, kowa zai sha.

5/ 12 ga Disamba 2021, Lahadi. Daga Maruta na hau babur cikin hazo har Birnin Kudu, don sabis ɗin wajenmu yankewa yake daidai lokacin da abu ya yi daɗi. Mu uku muka haɗa kuɗi, mai gidan kallo ya bar mana talabijin ɗaya ta can lungu. Masu jiran ƙwallo na ta yi mana tsiya.

6/ Ga wanda bai sani ba: Hamilton da Verstappen sun shiga tseren ƙarshe na Abu Dhabi da maki 369.5 kowannensu. Kunnen doki. Zagaye 58 za a yi. Hamilton ya ƙwace gaba tun daga tashi, can wajen ƙarshe ya ba da ratar sama da sakan goma.

7/ Saura zagaye biyar, Nicholas Latifi na Williams ya daki bango. Aka fito da motar tsaro, wato motar da ke shiga gaba kowa ya bi ta a hankali har a share hanya. Max ya shiga ya sa sabbin tayoyi masu laushi. Hamilton ya zauna kan tsofaffi da suka yi zagaye sama da 40, don in ya shiga ya rasa gaba.

8/ Abin da doka ta ce a lokacin: in za a bar motocin da aka riga aka yi wa zagaye su wuce su koma layinsu, to bayan sun wuce sai motar tsaro ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta janye. Da an bi haka, tsere ya ƙare a bayanta, Hamilton ya ɗauki kambu na takwas.

9/ Shugaban tsere Michael Masi ya saki motoci biyar kacal, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Max, sauran ya bar su inda suke. Ya kuma janye motar tsaro a wannan zagayen, bai jira na gaba ba. Aka ce ga zagaye ɗaya, ku gwabza. Sabuwar taya da tsohuwa. Ko yaron goye ya san yadda za ta ƙare.

10/ Na fito gidan kallon nan ana shirin la'asar, ko ruwa ban iya sha ba. A Fabrairun 2022 hukumar FIA ta cire Masi daga kujerar. A Maris ta fitar da rahoto ta ce kuskuren ɗan'adam ne, ba da mugun nufi ba, sakamako kuma yana nan. Daga baya suka gyara lafazin dokar.

11/ Har gobe ina cewa an yi ba daidai ba. Ban ce Max bai cancanta ba fa. A shekarar ya ci tsere 10, Hamilton 8. Laifin shi ne an karkata doka ana tsakiyar tsere don a samu ƙarshe mai daɗin kallo. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

12/ To 'yan Max, bismillah. Kuna ta kuka kan Monza ta 2025: an yi wa Norris jinkirin canjin taya, McLaren ta ce Piastri ya mayar masa da matsayi na biyu. Maki uku ne tsakanin na biyu da na uku. An ci kambu da ratar maki biyu. Lissafinku daidai ne, ban musa ba.

13/ Amma wace doka aka karya? Babu. An taɓa haramta wa ƙungiya ba direbobinta irin wannan umarni bayan abin kunyar Ostiriya a 2002, da Ferrari ta sa Barrichello ya kauce wa Schumacher a bakin layi. An ɗage haramcin daga 2011. Ka ce abin bai yi maka daɗi ba, na yarda. Magudi kuwa a'a.

14/ Kuma me ya sa ba kwa tuna Sifen a shekarar nan dai? Max ya fusata ya daki motar George Russell, aka ƙara masa sakan goma, ya faɗo daga na biyar zuwa na goma. Maki goma ya koma ɗaya. Maki tara ya zubar da hannunsa. Ratar kambu nawa na ce? Biyu. Amma shiru kake ji.

15/ Sannan Las Vegas, Nuwamba 2025. Norris ya zo na biyu, Piastri na huɗu, aka soke sakamakonsu duka saboda allon da ke ƙarƙashin mota ya cinye ya gaza milimita 9. Maki 18 suka tashi daga hannun Norris. Ranar nan kun ce FIA ta yi adalci. Mako biyu bayan haka ta koma 'yar magudi. Haba.

16/ Mu koma 2021. Beljiyam, watan Agusta, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ba a yi tsere ba, 'yan zagaye aka yi a bayan motar tsaro aka tashi, aka raba rabin maki. Max 12.5, Hamilton 7.5. Maki biyar ba tare da an wuce kowa ba. Ban ji ɗayanku ya ce a mayar ba.

17/ A shekarar ce kuma aka fara iyakance kuɗin da ƙungiya za ta kashe, dala miliyan 145. A Oktoban 2022 aka tabbatar Red Bull ta haura iyakar. Tarar dala miliyan 7, da rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin iska. Kuka ce ai ɗan kaɗan ne. Da Mercedes ce fa?

18/ Yanzu 'yan gidanmu, ku daina tafi. Silverstone, Yulin 2021. Hamilton ya taɓa tayar Max a kwana mai gudu, Max ya daki shinge da ƙarfin da aka auna 51G, aka wuce da shi asibiti. Alƙalai suka ce Hamilton ne ya fi laifi, sakan goma. Ya biya, ya ci tsere. Muka yi ta rawa.

19/ Wata biyu bayan haka a Monza, motar Max ta hau kan ta Hamilton, taya ta sauka daidai kansa. Alƙalai suka ce Max ne ya fi laifi, suka mayar da shi baya da matsayi uku a tsere na gaba. Muka ce kisa ya so yi, a kore shi. Hukunci iri ɗaya ne fa da na Silverstone. Fuskar mai laifin ce ta canza.

20/ Beljiyam 2024: Russell ya ci tsere, aka auna motarsa ta gaza nauyi da kilo 1.5, aka ba Hamilton nasara. Muka ce doka doka ce. Chaina, Maris 2025: aka soke sakamakon Hamilton kan allon ƙarƙashin mota. Muka ce kan ɗan abin da bai kai kaurin farce ba? Mu ɗin dai.

21/ Ga wadda ta fi zafi. 2008, Hamilton ya doke Felipe Massa da maki ɗaya, 98 da 97. A Singafo a shekarar, ƙungiyar Renault ta sa Nelson Piquet ƙarami ya daki bango da gangan don Alonso ya ci. Massa ne ke gaba kafin hatsarin, ya tashi babu maki. Asiri ya tonu a 2009.

22/ Da Massa ya kai ƙara kotu a Landan a 2024, me muka ce? "Abin da ya wuce ya wuce, ya haƙura mana." Mu da ba mu haƙura da 2021 ba ko na kwana ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

23/ Sai masu cewa tsarin makin ne ba shi da kai, wanda ya fi cin tsere shi ya kamata ya zama zakara. Tun 2010 ana ba na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai 1. A 2025 Max ya ci tsere 8, Norris 7. Shi ya sa 'yan Max suka gano wannan hikimar yanzu.

24/ Mu kuma mun gano ta a 2016, da Hamilton ya ci 10, Nico Rosberg ya ci 9 ya ɗauki kambu. To mu yarda da ita gaba ɗaya mana. A 2008 Massa ya ci 6, Hamilton 5. Sai mu miƙa wa Massa kambunmu na farko. Wa ya yarda? Na ga hannaye sun sauka.

25/ Tsarin maki ba wahayi ba ne, an sha canza shi. A 1988 sakamako 11 mafi kyau kawai ake ƙirgawa: Prost ya tara 105, Senna 94, amma Senna ya zama zakara da 90 kan 87. A 2014 an ninka makin tseren ƙarshe, aka ga shirme ne aka daina. Duk babu laifi, tunda kowa ya sani kafin a tashi.

26/ Haka maganar "mota ce ba direba ba." Mercedes ta ci kambun ƙungiyoyi sau 8 a jere, 2014 zuwa 2021, 'yan Max suka ce ko ɗan acaba aka ba motar zai ci. Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023, Max shi kaɗai 19, sai muka karɓi maganar muka mayar musu.

27/ A 2025 Hamilton ya gama shekara a Ferrari bai shiga ukun farko ba ko sau ɗaya a babban tsere. Nan take muka ce motar ce ba ta da kyau. Ashe in ya ci shi ne, in ya faɗi mota ce. Gaskiyar ita ce dukansu biyun ne, kullum, ga kowa. Amma wannan ba ta tara masu dannan so.

28/ Kuma ku sani, yawancin dokokin nan da muke wa tsaki jini aka zubar kafin a rubuta su. Allon ƙarƙashin mota ya zo ne a 1994, bayan mutuwar Ayrton Senna a Imola ranar 1 ga Mayu, don kada a riƙa kwantar da mota tana shafar ƙasa saboda neman gudu.

29/ Jules Bianchi ya daki motar ɗaukar kaya a Suzuka a Oktoban 2014, ya rasu a Yulin 2015. Ƙarfen kare kai da ake kira halo ya zo a 2018, 'yan kallo suka ce ya ɓata kyan mota. Shi ne ya tare tayar nan a kan Hamilton a Monza. Ban ƙara jin mai cewa a cire ba.

30/ To yanzu ga dalilin zaren. Kakar da ta wuce, bayan an kwashe amfanin gona, samarin wajenmu suka shirya tseren babur a wani fili a bayan gari. Gara can da kan kwalta, inda suka saba. Babur tara, kowa ya zuba dubu biyu, wanda ya ci ya kwashe. Zagaye goma.

31/ Suka ce ni zan yi alƙalanci, tunda ni ne "mai kallon na Turawa." Na ji daɗi ƙwarai. Na yago takarda daga littafi na rubuta dokoki da hannuna, na karanta musu a gaban kowa. Ɗaya daga ciki: in na ɗaga jan ƙyalle kowa ya tsaya. In an wuce zagaye bakwai, tsere ya ƙare a yadda aka tsaya.

32/ Akwai wani yaro ɗan acaba daga ƙauyen da ke kusa da mu, ba zan kama sunansa ba. Babur ɗinsa ya fi na kowa tsufa, amma ya iya kwana. Ya ba su ratar kusan rabin fili. Na biyu kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

33/ Ana zagaye na tara sai ga shanu sun ratso filin za su gangara ruwa. Na ɗaga ƙyalle, kowa ya tsaya, Allah ya kiyaye. Bisa takardar da ke aljihuna, an gama. Yaron ya ci. Sai fili ya ɗauka: "A ƙarasa! A ƙarasa! Wane irin tsere ne shanu za su raba?"

34/ Na ce a raina, gaskiya ne, mutane sun bar aikinsu sun zo kallo, bai dace a tashi haka ba. Na jera su kafaɗa da kafaɗa, na ce zagaye ɗaya, wanda ya riga ya ci. Ratar rabin fili ta tafi a banza. Babur ɗin ƙanena sabo ne, ya fi tashi. Kun san sauran.

35/ Aka ɗaga ƙanena sama ana ihu. Yaron bai yi gardama ba. Ya turo babur ɗinsa ya zo gabana ya ce, "Yaya, takardar nan da ka karanta mana, tana nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "To shi ke nan." Ya tayar ya tafi.

36/ Wallahi ban ji komai ba a ranar. Na gaya wa kaina ba don ƙanena na yi ba, don jama'a na yi. Sai da dare a teburin mai shayi, abokina da muka je Birnin Kudu tare a 2021 ya ajiye kofi ya ce, "Sannu da aiki, Malam Masi." Shayin nan bai wuce mini ba.

37/ Abin da na gane: Masi ma wataƙila haka ya ji. Ana ta magana a kunnensa, duniya na kallo, ƙungiyoyi sun daɗe suna cewa ba sa son tsere ya ƙare a bayan motar tsaro. Ba sai mutum ya zama mugu ba. Ihu ya ishe shi, da ɗan abin da zuciyarsa ke so a ɓoye.

38/ Wannan ba wanke shi nake ba. Tsoratar da ku nake. Ni da na haddace abin da ya faru a Abu Dhabi zagaye bayan zagaye, na yi shekara huɗu ina tsine wa mutumin, minti biyu aka yi mini ihu kan naira dubu 18 na aikata irin nasa sak.

39/ Bayan kwana uku na je tashar da yaron ke tsayawa, da dubu 18 daga aljihuna. Ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. Ya ce, "Yaya, kuɗin na gode. Amma a garinmu an riga an ce an cinye ni." Wannan ba ni da yadda zan mayar masa. Ƙanena kuma har yau yana ganin na zubar masa da nasara.

40/ Wani zai ce wasa ne kawai, me ya yi zafi. To mu ne dai gobe alƙalan gasar ƙwallon unguwa, masu rabon taki, masu tsayawa a akwatin zaɓe. Wanda ya saba tafa wa karkatacciyar doka don ta faɗo ɓangarensa yana kan waya, ranar da aka ba shi jan ƙyalle ba sabon hali zai aro ba.

41/ Don haka ga abin da nake nema a rukuninmu. Kafin ka rubuta "magudi," ka musanya sunayen direbobin biyu a ranka. In hukuncin ya koma daidai a idonka, goge saƙon. Ka kuma faɗi wace doka aka karya, ba wace zuciya aka ɓata ba.

42/ Ka soki tsarin maki, ka soki alƙalai in sun yi hukunci biyu kan laifi ɗaya, suna yi kuwa. Ka nemi a canza doka, a watan Janairu, kafin a tayar da inji. In an tashi kuma, a bar ta ta taka wanda za ta taka, ko da mai jan kaya ne mai lamba 44.

43/ Ɗan Max da zai iya rubuta "Abu Dhabi 2021 ba a bi doka ba," da ɗan Hamilton da zai iya rubuta "Silverstone laifinmu ne," su ajiye a ƙasan zaren nan. Ni na fara: Silverstone laifinmu ne, Massa kuma yana da hujjar jin haushi.

44/ Samarin sun ce za a sake tsere bayan kaka mai zuwa. Na ce babu mai hawa sai da hular kwano, kuma a nemo alƙali daga wani gari wanda ba shi da ƙane a layi. Takardar tana nan a cikin jakata. Shi zan ba.